Ƙasar Da Mani Ya Kawo

Jifar farko ta sauka ne ranar wata Talata, bayan la'asar ta yi sanyi, lokacin da zafin bazara yake fara sakin mutanen Unguwar Rogo su fito ƙofar gida. Nabila tana sunkuye tana sharar yamma a tsakar gida, kamar yadda ta saba safe da yamma tun tana 'yar shekara tara. Mahaifiyarta Hajjo tana tsintar shinkafa a bakin madafa. Maigidan, Malam Sodangi, yana kan kujerarsa ta katako da rediyo a cinya. Sai wani abu ya bugi kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya faɗo dab da bakin tsintsiya.

Ɗan dutse ne, bai kai ƙwan zabo ba, ruwan toka, yana ƙyalli kamar kwalli. Da Malam Sodangi ya ɗauka sai ya ji nauyinsa ya fi girmansa. Ya fita ya duba lungun gaba da baya, bai ga kowa ba sai akuya ɗaure. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, sha biyun ƙarshe yana hedimasta, kuma a duk tsawon wannan lokaci bai taɓa ganin laifin da ba shi da mai shi ba. Ya dawo ya ce gobe zai kama mai jifar, zai kuma ga ubansa.

Washegari duwatsu uku suka faɗo. Ranar Alhamis bakwai. Kullum a lokaci ɗaya, daga sanda inuwar katanga ta rufe tsakar gida har a kira magariba, sannan gidan ya yi tsit. Ranar Juma'a ya jingina tsani ya hau, ya zauna a kan katanga duk da ciwon gwiwa, yana kallon gidajen maƙwabta. Babu dutsen da ya tsallako daga ko'ina. Ƙarar dai ta zo daga bayansa, daga kan rufinsa. Da ya sauko ya lura da ƙananan ramuka a daɓen tsakar gida, ya ɗauka inda duwatsun suke sauka ne.

Daɓen nan shi ne abin alfaharin gidan. A da ruwa yana kwanciya a tsakar gida duk damina, har bara ƙanensa Mani, direban motar shanu, ya dawo daga wani ƙauye can gabas da buhu ashirin da shida na ƙasa. Ya ce ragowar dutsen da masu neman zinari suka niƙa ce, zube take ba mai so. Ƙasa ce mai laushi, gauraye da tsakuwa. Matan unguwa suka taru suka yi wa Hajjo daɓe, suna duka suna waƙa, ya fito sumul yana walƙiya in rana ta haska shi. A kansa ake shanya kuɓewa da tumatir, a kansa ake sheƙar gero.

Amma hankalin Malam Sodangi ba a kan daɓe yake ba. Yana da wani fushin da ya girmi jifar.

Mako bakwai kafin haka, ranar da ya je tantance 'yan fansho, wasu masu bincike suka shigo unguwar da iznin mai unguwa. Shugabarsu mace ce, Dakta Atika. Suna bin gida gida suna auna abin da ke shiga jikin mutane ta ruwa da abinci da ƙasa, irin ƙarafan da ido ba ya gani da tururin da wasu duwatsu ke fitarwa. A gidansa suka ɗebi ruwan randa, da cokali biyu na garin tuwo, suka kankari daɓe suka zuba a leda. Sannan suka roƙi Hajjo, ta bari aka yanki ɗan gashin Nabila daga ƙeya, aka yanke mata farce, aka sa a ambulan.

Da ya dawo ya ji, sai da maƙwabta suka jiyo muryarsa. A gidan nan tun zamanin kakarsa ba a yar da gashi ko farce, ramin bayan ɗaki ake tonawa a binne. Shi kansa bai ɗauki al'adar da wani nauyi ba. Abin da ya ƙona masa rai shi ne an shiga gidansa ba ya nan, an taɓa ɗiyarsa, ba wanda ya nemi sa hannunsa. Ya hana Hajjo sake magana da su. Bayan mako uku Dakta Atika ta dawo, ya tare ta a zaure. Ta miƙa masa wata ambulan, ta fara cewa lallai a kawo yarinyar a ɗebi jininta cikin satin nan. Kalmar jini kawai ya ji.

"Gashi, akaihwa, yanzu kuma jini," ya ce. "Gobe mi za ku ɗauka, ido?"

Ya rufe ƙofa tana cikin magana. Ambulan ɗin bai buɗe ba. Ya rubuta kwanan wata a bayanta, ya sa ta cikin fayil, don ta zama hujja ranar da zai kai ƙara.

Nabila kuwa tun kafin jifar ta fara canzawa, sai dai a hankali, yadda ba a lura. Yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu, mai kaifin kai, wadda ubanta yake ja wa lissafi a baki tana ba shi amsa kafin ya rufe baki. Yanzu sai ciwon ciki, irin mai murɗa ta har ta kwanta a ƙasa. Fuskarta ta yi fari. Aka ce shawara ce, aka jiƙa saiwa. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka sayo ƙwaya. Ta koma mai saurin fushi, ta fara manta abin da aka aike ta. A mako na biyu na jifar tsintsiya ta fara suɓuce mata, hannun dama ya saki daga wuyansa kamar reshen da ya karye bai rabu ba. Ta koma shara da hagu.

Sai kuma sautin ya fara. Da zarar inuwa ta rufe gidan, can ƙarƙashin ƙafa ake jin wani gurnani mai nisa, kamar injin niƙa a wata unguwa. In ka fita waje babu. In ka dawo ka tsaya a kan daɓe, sai ka ji shi har cikin haƙoranka. Kaji suka daina sauka tsakar gida. Matan da suke shigowa hira suka ɗauke ƙafa, amma maganarsu tana shigowa: an ba baƙi gashin yarinya, me ake jira?

Malam Sodangi ya sa babbar riga, ya ɗauki fayil, ya tafi ofishin masu binciken. Dakta Atika tana ƙauye wajen aiki. Wani ma'aikacin ɗakin gwaji mai suna Sirajo ya fito, ya saurare shi a tsaye. Ya ce yana son gashin ɗiyarsa da farcenta, cif yadda aka ɗauka, yau. Sirajo ya yi masa bayani cikin ladabi cewa ba a auna gashi yana gashi. Wankewa ake yi, a narkar da shi cikin ruwan asid har ya zama ruwa, injin ya karanta abin da ke ciki. Babu abin da ya rage da za a mayar. Ya ƙara da cewa Dakta ta bar saƙo, duk sanda ya zo a kira ta a waya nan take, maganar gaggawa ce. Malam Sodangi ya ce shi da ita sai a gaban hukuma. Ya nemi cikakken sunan Sirajo ya rubuta, ya juya.

A yammacin ranar duwatsu suka zubo kamar ƙanƙara. Nabila tana tsaye a tsakiyar gida da tsintsiya a hagu, ba ko ɗaya da ya taɓa ta. Da aka fara kiran salla ta faɗi, jikinta ya sandare, idanunta suka juye. Hajjo ta rungume ta tana salati. Sai bakin yarinyar ya buɗe, wata murya ta fito, ta tsoho, mai kaushi kamar ana jan dutse a kan dutse.

"Ku ɗauke ƙahwahunku daga kaina."

Shekara ashirin da shida da aure Hajjo ba ta taɓa yanke magana gaban mijinta ba, amma ranar ta dube shi ta ce gobe za ta aika unguwar Hubbare a kira Malam Jalaluddeen mai ruƙiyya, in ya ga dama ya rubuta sunanta a fayil ɗin.

Malam Jalaluddeen ya iso bayan la'asar, dattijo siriri, da carbi da gorar ruwan da aka jiƙa ganyen magarya. Ya tsaya a bakin tsakar gida ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya taka. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, Hajjo ta riƙe kan yarinyar a cinyarta, aka lulluɓe ta da mayafi. Ya zauna daga gefe ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Inuwa tana tsawo. Gurnanin ya taso daga ƙasa, ruwan gorar yana rawa. Ya kai kusan rabin sa'a yana karatu kafin ƙafafun Nabila su fara karkarwa, muryar ta dawo, ta ce ya isa, yana ƙona shi.

Malamin ya tambayi aljanin sunansa, ya ƙi faɗa. Ya tambaye shi wa ya turo shi, wa ya ba shi gashin yarinyar. Sai muryar ta yi dariya, dariyar da ta sa Hajjo ta runtse ido.

"Gashi? Mi zan yi da gashi? Ba wanda yat turo ni. Ɗauko ni anka yi, cikin buhu."

A hankali, malamin yana ja yana tsayawa, labarin ya fito. Ya ce gidansa dutse ne, can gabas, tun kafin a kafa garin nan. Mutane suka zo da diga, suka fasa, suka zuba a inji suka niƙa, suka wanke ɗan abin da suke so, suka watsar da saura. Iyalinsa suka watse. Shi ya zauna cikin abin da ya rage na gidansa, har wani mai warin shanu ya zo ya kwashe. Aka kawo shi nan, mata suka yi ta dukansa suna waƙa. Shekara guda ana taka shi, ana zuba masa ruwan wanke-wanke, ana kankare shi da tsintsiya safe da yamma. Duwatsun da suke gani daga daɓen yake ciro su, don a gane a kwashe shi, amma maigidan ya hau katanga yana leƙen maƙwabta.

Tsoro yana nan, amma fushi ya fi shi tsufa a jikin Malam Sodangi. Ya matso ya ce, in ma haka ne, yarinyar me ta yi? Da wane haƙƙi zai murɗe mata ciki, ya kashe mata hannu? Ya ce zalunci ne, kuma sai ya amsa shi gaban Allah.

Kan Nabila ya juyo a cinyar uwarta. Idanun da ba sa ganin komai suka tsaya a kansa.

"Hedimasta, kai ka tuhumata? Ban taɓa cikinta ba. Ban taɓa hannunta ba. Haka nis same ta. Abin da ke cikin dutsena, Wanda Ya yi shi Ya binne shi ƙasa don Ya san halinshi. Ku kunka tono, kunka niƙa, kunka shanya abincinku bisa. Ita ka shara, ita ka shaƙa. Gidana ya shiga jininta, ya shiga ƙashinta. Ni cikin gidana nike zaune. Ita ta haɗiye shi."

Gurnanin ya tsaya. Malam Jalaluddeen ya ce aljani yana ƙarya fiye da yadda yake gaskiya, ba a yanke hukunci da bakinsa. Ya juya ga maigidan ya tambaye shi, mutanen da aka ce sun ɗebi ƙasar nan sun auna, ba su ce komai ba?

Malam Sodangi ya shiga ɗaki. Ya daɗe kafin ya fito da ambulan ɗin. Ya yage bakinta, ya sa tabarau, ya karanta a tsaye cikin ragowar hasken yamma. Shafi ɗaya ne, da Turanci da Hausa. Ruwan randa lafiya. Tururin dutse bai wuce ƙima ba. Ƙasar tsakar gida kuwa akwai dalma a cikinta ninki da yawa fiye da abin da aka yarda mutum ya zauna a kai, akwai ta a garin tuwo, akwai ta a gashin yarinyar da farcenta. A ƙasa an ja layi da jan biro: a daina share tsakar gida, a daina shanya abinci a kai, a kawo yarinyar gwajin jini ba tare da jinkiri ba. Ya juya bayan ambulan ɗin, ya ga kwanan watan da ya rubuta da hannunsa.

"Mi ta ce, Malam?" in ji Hajjo.

Ya karanta mata.

Malam Jalaluddeen ya koma kan aljanin. Ya ce an zalunce shi, wannan gaskiya ne, kuma za a fasa daɓen a kwashe, a mayar inda aka ɗebo. Amma jikin ɗiyar mutane ba masauki ba ne, sai ya fita yanzu. Aljanin ya ce buhu ashirin da shida aka kawo, ashirin da shida za a mayar, kuma wanda ya ɗauko shi zai kai. Malamin ya amince. Ya ce a yanka masa baƙin bunsuru a bakin ramin. Malamin ya ce ba a yanka don kowa sai Allah, ya ɗaga murya da karatu har muryar ta yi kururuwa ta janye maganar. Sannan ta ce to saura abin da ke jikin yarinyar. Wannan ma nasa ne. Zai zauna har ya fito duka.

"Likitoci za su hitar da abin da za su iya," in ji malamin.

"Na jini shina hita. Na ƙashi ba shi hita, sai shekaru."

"To wannan ba naka ba ne kuma. Ƙasa ta Allah ta, yarinya ma ta Allah ta. Kai da anka raba da gidanka ka san zahin abin. Ka bi buhunanka, ko in ci gaba."

Ladanin masallacin unguwa ya fara gyaran murya a lasifika. Sai muryar ta yi ƙasa, ta gaji, ta ce zai fita, amma ba don hedimasta ba, don matar da ke riƙe da kan ne, ita kaɗai take yin bisimilla kafin ta zuba ruwan zafi. Malamin ya sa shi ya yi alkawari sau uku ba zai dawo ba, ya umarce shi ya fita ta yatsan ƙafar hagu. Ƙafar ta miƙe, ta yi rawa, ta saki. Nabila ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce, "Inna, cikina."

Ba a jira gari ya waye ba, ana idar da salla aka sa ta a keke napep. Malam Sodangi da kansa ya kira Dakta Atika daga lambar da ke kan takardar. Ba ta tuna masa da komai ba, ta gaya masa asibitin da za su je da sunan likitan da za su nema. Da aka auna jinin, lambar da aka ce bai kamata ta wuce biyar ba, ta Nabila ta haura tamanin. Aka kwantar da ita, aka fara ba ta maganin da ke kamo dalma ya fitar ta fitsari. Aka auna Hajjo da Malam Sodangi kansa, su ma akwai, amma ba kamar tata ba.

Mani ya zo yana rantsuwa bai sani ba, kuma gaskiya ne bai sani ba. Ma'aikatan Dakta suka nuna yadda za a yi: a jiƙa daɓen da ruwa kafin a fasa, kowa ya rufe hanci, a haƙa har a wuce inda ƙasar ta tsaya. Buhunan suka haura arba'in. Mani ya loda su ya kai ƙauyen, aka binne su a ramin da aka keɓe don irin wannan ƙasa. Aka zuba siminti a tsakar gida. Tun ranar ba a sake jin komai a kan rufi ba.

Nabila ta dawo gida bayan mako uku. Ciwon cikin ya tafi, lambar ta sauko ƙasa da rabi, za a riƙa aunawa duk wata. Hannun yana dawowa kaɗan kaɗan. Amma da ubanta ya zaunar da ita ya ja mata lissafin da take yi tun tana aji huɗu, sai ta dube shi tana murmushin kunya, leɓenta yana motsi, amsar ba ta zo ba. Ya tambayi likita ko zai dawo. Likitan ya ce wani yana dawowa, wani ba ya dawowa, ya danganta da yawan abin da tsawon lokacin da ya yi a jiki. Ya tambaya ko mako shida suna da bambanci. Likitan ya dube shi, ya ce kowace rana tana da bambanci.

Malam Sodangi bai fasa kai ƙara ba. Ya zauna da safe ya rubuta takarda shafi huɗu zuwa ga hukuma, da rubutunsa mai tsabta na allo. Ya nemi a bi duk inda irin ƙasar nan ta shiga a cikin gari a auna, a hana kwasarta, a ɗauki nauyin maganin Nabila har ta warke. Ya kawo masu niƙa dutse a bakin gidajen mutane, da waɗanda suka ga tarin guba a fili suka bar shi ba shinge ba gargaɗi. Da ya zo inda zai jera masu laifi sai ya tsaya, ya ƙirga kwanaki daga ranar da aka miƙa masa ambulan zuwa ranar da ya buɗe ta. Arba'in da ɗaya. Shara biyu kowace rana.

Nabila tana zaune kusa da shi tana matsa ƙwallon roba da hannun dama kamar yadda aka koya mata. Ta leƙo takardar, ta bi layin da yatsa a hankali.

"Baba, ai sunanka ne wannan. Ka sa shi wurin da ba daidai ba."

"Daidai yake," ya ce. Ya sa lamba ɗaya a gaban sunan nasa, ya ci gaba da rubutu.